Maɓallin Baba

Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya nauyin jiki? Umma ta ce watanki ya kama, likita ya hana ki doguwar tafiya. Allah ya raba lafiya. Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba.

Kin san ni da waya, da na kara ta a kunne sai bakina ya mutu, kuma bangon gidan nan ba ya riƙe magana. Shi ya sa na yago takarda daga littafin awo na shago, zan ba direban da yake bi ta wajenku. Inda kika ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, ke kika koya mini.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani jiya da safe. Na zaunar da Baba a kujerarsa gaban tebur kamar kullum, na je ɗebo ruwan ɗumi in goge masa fuska. Wajen ƙarfe bakwai ne, rana ta fara shigowa ta tagar nan mai guntun labule. Ina dawowa sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na tsaya a bakin ƙofa da roba a hannu. Baba ne yake rubutu. Hannunsa na hagu yana kan kibod, da yatsa ɗaya yake danna haruffa, idonsa a kan allo. Allon kuwa baƙi ƙirin, babu komai a cikinsa sai inuwar fuskarsa. Sai ya ɗan rubuta, ya tsaya ya duba kamar mai karantawa, ya ci gaba. Ruwan ya huce a hannuna ban motsa ba.

Yaya, an ɓoye miki wani abu saboda halin da kike ciki, ni kuma na ga ɓoyon ya fi faɗin illa. Yau kwana goma kwamfutar Baba ba ta tashi ba. Maɓallin kunna ta ne ya karye. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, yatsansa ba ya iya dannan wannan zagayayyen maɓallin, sai dai ya sa gindin tafin hannu ya jingina da nauyinsa duka. Wata takwas yana yi masa haka kowace safiya. Ran nan ya danna, maɓallin ya faɗa ciki, ya bar rami kamar gurbin haƙori.

Ba sai na gaya miki abin da injin nan yake wa Baba ba (har yanzu injin yake rubutawa, kamar zamanin tafireta), tunda ke kika saita ta farar takarda ta riƙa buɗe kanta da manyan baƙaƙe. Tun da harshensa ya tafi ita ce bakinsa. A nan yake gaya mana shayi ya yi sanyi, a rage rediyo, wannan sabon likitan yaro ne. A nan ya taɓa rubuta a gaya wa maƙwabciyarmu mai ɗinki cewa ƙararrawar ƙofa ba hon ɗin mota ba ce. Yanzu duk babu. Mun ba shi biro, ya zame. Mun ba shi waya, yatsansa ya rufe haruffa huɗu a lokaci guda. Babban Yaya ya miƙa masa tasa kwamfutar ta hannu, haruffanta a shafe suke a matse, ya ture ta. Tsohon kibod ɗin kuma bakin wayarsa zagaye ne, babu inda zai shiga a jikin sabuwar.

Babban Yaya ya zo ranar Juma'a, ya ɗauki hutun mako guda. Ya ga yadda Umma take tashi daga sallaya sai ta dafa bango. Ni nake ɗaga Baba da safe da yamma, amma tsakani ina shago ina fama da katako, ita kaɗai take juya shi, bayanta ya gama gajiya. Sai ya yanke cewa ranar Asabar mai zuwa mota za ta zo ta kwashe su zuwa gidansa. Ya ce kwamfutar ta riga ta mutu, a ba mai sayen tarkace, ɗakin da ya gyara musu ba shi da wurin tsohon kaya.

Ba a tambayi Baba ba. Ba mugunta ba ce, da me zai amsa? Kansa ma rawa yake yi, ba ka rabe i da a'a. Amma a gabansa ake komai. Shekaranjiya Umma da Babban Yaya suka zube kayan sawarsa a kan gado suna ware na tafiya da na kyauta, har shuɗiyar rigar nan suka sa a na kyauta, yana zaune taku biyu daga gadon. Sai ka ce maganar kabad ake yi, wane lungu zai shiga.

Jiya ina tsaye a ƙofar nan ashe Babban Yaya yana bayana. Shi ma ya ga rubutun a baƙin allo. Ya fita tsakar gida ya juya baya, na ga kafaɗunsa suna motsi. Da ya dawo ya ce mini a hankali, tsoho ya fara barinmu, hankalin ya soma tafiya.

Ni kuwa ba allon na kalla ba, hannun na kalla. Rawar yatsan ta hana ni gane haruffan, ga shi karatuna sai da lalube. Amma na ga abu ɗaya sarai. Bayan 'yan haruffa, sai yatsan ya tafi can kusurwar dama ta sama, kan dogon maɓallin nan na gogewa, ya danna sau ɗaya ko biyu, ya dawo ya sake. Yaya, wanda hankalinsa ya tafi ba ya goge kuskure. Wannan mutumin da ya yi shekara talatin yana buga wa jama'a takardu ne, wanda yake ɗaga takarda sama ya duba ta layi-layi kafin ya ce babu gyara. Kalmar da ni ban taɓa samu a wurinsa ba, ko a littafin makaranta ko a benci na farko da na haɗa. Yana nan a ciki bai je ko'ina ba.

Na faɗa wa Babban Yaya. Ya dafa kafaɗata, ya kira ni da laƙabina ya ce, Sannu-sannu, son da kake masa ne yake nuna maka haka. Ba ni da karatun da zan ja da shi. Amma gobe zan ɗaure injin a bayan babur in kai wa mai gyaran nan na bayan kasuwa da ake ce wa Injiniya. Idan za a ɗauki Baba daga gidan da ya shekara arba'in a ciki, a ɗauke shi da bakinsa.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Sannu-sannu


Alhamis

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Yaya ƙarfin jiki, yaya kumburin ƙafar? Na ji saƙonki ta bakin Umma, ta ce kin ce a gaida mai dogon rubutu. Na gane takardar ta isa, na kuma gode da ba ki ɗaga mata hankali ba.

Na kai injin ranar Talata. Shagon Injiniya ɗaki ne siriri, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi, shi kuma yana tsakiya da gilashi a goshi. Ya kalli tamu ya ce wannan ai ta girme ni, ina na tono ta? Ya kwance kusoshi biyu ya zare murfin gefe. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gyaɗa. Ya hure ta, ya kira ni in matso.

Na tsaya na kalli komai, don kin san ni, abin da na gani sau ɗaya ba ya ɓace mini. Ashe maɓallin da muke dannawa murfi ne kawai. A bayansa akwai wani ɗan ƙarami kamar ƙwayar wake, shi ne ya fashe. Daga jikinsa siraran wayoyi biyu suka tafi har kan koren allon da ke ciki, suka zauna a kan wasu ƙarafa biyu tsaye kamar allurai. Injiniya ya zare wayar, ya jona wuta, ya ɗauki sukudireba ya taɓa allurai biyun tare, ya ɗauke. Sai fanka ta juya. Wallahi Yaya, sai da na yi hamdala a fili. Ya ce injin lafiyarta lau, ƙofa ce kawai ta lalace, mai gidan yana ciki.

Ya ce irin wannan maɓallin an daina yi. Amma akwai ƙarami na biyu a ƙasansa, wanda ake sake tayar da ita da shi idan ta daskare. Sai ya ɗauki wayar wannan ya sa a gurbin waccan, ya ce shi ke nan, ƙane ya gaji wa. Ya zuba mini fasasshen da wayarsa a leda, ya ce in riƙe tsaraba. Ya kuma gargaɗe ni, duk ranar da zan sa hannu a ciki in fara zare wuta daga bango.

Na dawo ina jin kamar in yi waƙa a kan babur. Abin da ban yi tunani ba, kuma laifina ne don ni na san hannun Baba, Injiniya bai sani ba: ƙaramin maɓallin nan a lotse yake cikin rami, shi kansa da bakin biro ya danna shi.

Jiya da yamma muka haɗa komai. Umma tana bakin gado, Babban Yaya a tsaye. Na nuna wa Baba sabon wurin. Ya kai gindin hannunsa, bai shiga ba. Ya gwada da yatsa, yatsan ya zame ya bugi ƙarfe. Ya sake. Na ƙirga sau bakwai, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Sai Babban Yaya ya kama hannun a hankali ya mayar masa kan cinya, ya ciro biro daga aljihu ya danna. Allo ya kawo haske, farar takarda ta buɗe.

Da a nan aka tsaya, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma sai ya durƙusa gefen kujera, ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma, ya ce, to Baba, rubuta mana sunanka. Baba bai motsa ba. Ya ce, to yau wace rana ce? Ya ɗaga yatsu uku ya ce, nawa ne nan? Na san a asibiti ya ga ana yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Baba ya dubi yatsun, ya dubi allon, ya juya fuskarsa bango. Har aka kira magariba bai juyo ba. Abincin ma sai cokali biyu.

A waje Babban Yaya ya ce mini, ka gani ko? Ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya ba ka lada, amma ba injin ba ce ta lalace. Gaskiya a lokacin ni ma zuciyata ta fara raba biyu. Na ce ko dai abin da babba ya hango ne ni ban hango ba.

Yau da safe na kunna masa ita da biro kafin in tafi shago, na bar shi shi kaɗai. Da na dawo da azahar takardar fara fat, ko ɗigo babu. Na zauna a kicin jikina a mace. Sai Umma, tana wanke kofi ba ta ko kalle ni ba, ta ce ai tun hantsi take jin ƙas-ƙas daga ɗakin, har ta ɗauka wasiƙa yake yi wa wani.

Kin gane? Ya rubuta ne ya goge. Duka.

Na daɗe ina juya abin. Mu muke masa wanka, mu muke sa masa riga, mu muke kai shi bayan gida, mu muke kai masa cokali baki. A duk yini abu ɗaya ne tak yake yi da kansa, ba ya jiran kowa: ya miƙa hannu ya tayar da injinsa, ya yi magana lokacin da ya ga dama. Yanzu mun mayar da shi sai an zo an buɗe masa baki da biro, an ce to yi magana mu ji. Ke kin san Baba. Mutumin da ko a layin asibiti bai yarda a riƙe masa kati ba. Zai gwammace a ce hankalinsa ya tafi da ya zauna jarrabawa a gaban ɗansa.

Saura kwana biyu. An fara ɗaure kaya, mai sayen tarkace ya ce zai biyo ranar Asabar da hantsi. Ledar da Injiniya ya ba ni tana aljihuna. Ina tunanin in ƙara wa wayar tsawo, in jona mata babban makunni irin na fitila, in kafa a hannun kujera inda gindin hannunsa yake sauka. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ki huta sosai, kada ki sa damuwa. Gaisuwa ga maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Naki,
Sannu-sannu


Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin tashi lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Yaya jiki, yaya jira? Na san Umma ta kira ki, na kuma san kuka ya cinye rabin labarin. Bari in ba ki shi daki-daki.

Ranar Juma'a na tashi daga shago da wuri. Na sayi makunnin fitila mai faɗi da waya kamu uku. Na zare wuta daga bango kamar yadda aka ce, na buɗe murfin, na yanke fasasshen maɓallin na jona wayarsa da sabuwa, na naɗe da salatif, na mayar da bakinta kan allurai biyun. Baba yana kallona ta gefen ido. Na jona wuta, na kunna makunnin. Fanka ta juya, allo ya fara haske. Kafin in gama murmushi, ɗif, ta mutu.

Na kashe na sake kunnawa. Ta tashi, ɗif. Na uku na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ɗif. Na ce shi ke nan, garin gyaran gira na tsiyaye ido, na kashe wa Baba injin gaba ɗaya. Babban Yaya ya leƙo ya ce in bar tsoho ya huta hakanan, wasan ya isa. Baba ya rufe ido.

Na fita na zauna a dakalin ƙofar gida da sukudireba a hannu. Na mayar da kaina shagon Injiniya, ina kallon hannunsa. Ya taɓa allurai, ya ɗauke. Bai bar ƙarfen a kai ba. Makunnin fitila kuwa idan ka kunna shi a kunne yake zama, kamar mutum ya danna ya ƙi sakewa. Na kira Injiniya na tambaye shi. Ya yi dariya har da tari, ya ce kafinta, ai ka shaƙe ta ne, duk injin da aka danne wa maɓalli aka riƙe kashe kanta take yi. Ya ce in nemi mai dawowa da kansa, amma shi ya rufe shago ya yi tafiya sai Litinin.

Ina nan zaune ina tunanin inda zan samu babban maɓalli mai dawowa, sai ga maƙwabciyarmu mai ɗinki ta zo yi wa Umma sallama. Ta tsallake ƙafata, ƙofa a buɗe take amma sai da ta kai hannu ta danna ƙararrawa, ta riƙe, yadda ta saba. Sai na ji muryar Baba a kaina, ta wancan lokacin, muna yara muna wasa da ita: taɓa ka saki. Na ɗaga kai. Farin maɓallin nan ne mai faɗin bakin kofi, wanda ya kafa da hannunsa shekarar da kika shiga sakandare. Tsakiyarsa har ta yi santsi saboda hannun mutane.

Asabar bayan asuba na kwance shi. Kusoshi biyu ne. Na naɗe wayoyin ƙofar na tura su rami. Na yanko guntun katako mai kyau, na goge shi da sanfefa har babu inda zai karci fata, na zagaye kusurwoyin, na ɗaure shi a hannun kujera na hagu, na ɗan karkata shi yadda hannun Baba yake kwanciya. Na gwada sau ɗaya kafin in tashe shi. Ta tashi, na ƙirga har ɗari ba ta mutu ba. Na kashe ta.

Na zaunar da shi, na goge masa fuska. Ban nuna masa komai ba. Na fita na kama ɗaukar kaya.

Mota ta zo wajen tara. Direban nan ne da yake kai miki takarduna, yana ɗaure katifa, mai sayen tarkace ya iso da kurarsa ya tsaya a ƙofa. Babban Yaya ya ce in zo mu ɗauko Baba, sannan a fito wa mutumin da injin. Muka shiga, Umma a bayanmu da mayafinta a kafaɗa, mai ɗinki tana riƙe mata jaka.

Hannun Baba yana kan katakon. Yana shafa farin maɓallin da gefen yatsa, yana zagaya shi. Ya san shi. Babban Yaya ya buɗe baki, na riƙe masa hannun riga, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Ya dube ni, ya fasa.

Baba ya ɗora gindin hannunsa. Ya danna, ya saki.

Fanka ta juya. Muka tsaya har farar takarda ta buɗe. Ya jawo hannun zuwa kibod, a hankali, kamar mai jan guga daga rijiya. Umma ce ta karanta a fili, don ta fi ni sauri. Abin da ya fara rubutawa:

"Ina ji."

Ya huta. Ya ƙara:

"Duk ina ji."

Baba ya ɗaga kai. Ya dubi Babban Yaya, ya koma kan haruffa. Wannan ya ɗauke shi lokaci, sau uku yana gogewa.

"Yau Asabar. Yatsu uku ne. Sunana ka sani. Ni na raɗa maka naka."

Babban Yaya ya durƙusa a wurin, ya kifa goshinsa a gwiwar Baba. Ban ji abin da yake cewa ba, na dai ji kalmar gafara. Baba ya bar shi ya ɗan jima, sannan ya zare hannunsa daga kibod ya ɗora masa a ka.

Yaya, zan gaya miki gaskiya. Ni jira nake ya rubuta ba zan tafi ba. Duk wahalar da na yi, a ƙasan zuciyata abin da nake so ke nan, a bar mini su a gida. Sai ya juya ya daɗe yana kallon Umma, yadda ta tsaya a karkace da hannu a ƙugu. Ya rubuta:

"Bayanki ya gaji. Zan tafi. Ni na ce."

Umma ta kasa karanta na ƙarshen, mai ɗinki ce ta ƙarasa mata. Sannan ya ƙara layi biyu: a tafi da injin, kuma shuɗiyar riga ba ta kyauta ba ce. Dariya ta kuɓuce wa Umma a tsakiyar kuka, ta ce ai ga ta can a ƙasan ƙulli, wa ya isa. Babban Yaya da kansa ya fita ya ba mai sayen tarkace haƙuri, ya sa aka sauke akwati ɗaya daga kujerar baya don a yi wa injin wuri.

Na ɗauka an gama, na sunkuya zan zare wuta. Sai na ji ƙas-ƙas.

"Wa ya cire mini ƙararrawa?"

Na ce ni ne, Baba. Ya sa hannu a kan katakon. Ya bi gefensa da yatsa, ya bi kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kan kusoshin ya ji ko sun fito, ya ɗan ja wayar ya ji ko za ta saki. Yadda yake yi wa takarda, layi-layi. Ni kuwa ina tsaye kamar ranar da na kawo masa sakamakon da na daina zuwa makaranta a kansa. Sannan ya koma kan haruffa. Wannan ban jira Umma ba, da kaina na karanta. Ya yi kuskure a harafi na biyu, ya goge, ya sake.

"Babu gyara."

Na fita tsakar gida na tsaya inda Babban Yaya ya tsaya ran nan.

Na raka su, injin a kan cinyata, kujerar a saman mota. Na haɗa komai a sabon ɗakin kusa da taga, na kwana ɗaya na dawo jiya. Kafin in taho ya rubuta cewa shayin gidan nan ruwa ne, kin ga jiki ya yi sauƙi ke nan. Gida ya yi mini faɗi yanzu. A jikin ƙofa akwai ramuka biyu da tabon inda maɓallin yake, duk wanda ya zo sai ya kai hannu ya tsaya, sannan ya yi sallama. Ba zan sa wani ba tukuna.

Ya ce a gaya miki idan kin sauka a kawo masa labari da wuri, yana da suna a ajiye, kuma shi zai rubuta. Allah ya sauke ki lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙaninki,
Sannu-sannu

Na san ki, za ki ce kalmomi biyun nan ni na ƙara don in ji daɗi. Ba ni kaɗai na gani ba. Umma tana wurin, da Babban Yaya, da maƙwabciyarmu mai ɗinki. Direban ma ya shigo tambayar ko a ɗaure kujera, ya tsaya a ƙofa da igiya a hannu, ya karanta. Shi ne zai miƙa miki wannan takardar, ki tambaye shi.